Neman Hannun Aro a Ƙofar Kibo

Shekarar da na gama koyon kwalliya, ashe rabin 'yan matan Zariya tare muka gama. Duk lungun da ka leƙa a Ƙofar Kibo sai ka tarar da mai akwatin hoda da fitila mai zobe, kowace tana ɗora hoton amarya a waya tana kiran kanta gwana. Amare kuwa ba su ƙaru ba. Masu zuwa wurina a gida duk dangi ne, in ɓata rabin yini a kan fuska ɗaya, a tashi a duba madubi a ce min Allah ya yi albarka. Albarka ina so, amma na gaji da zaman tsakar gida ina jiran wadda za ta yi sallama. So nake in zama mai wurin zuwa, in yi wanka da safe in rataya jaka in ce na tafi aiki.

A lokacin ne wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe shagon gyaran mata zalla a wajen Ƙofar Doka. Tsohuwar ƙawar Innata ce, tare suka yi yarinta, don haka ban sha wuyar ganinta ba. Ta duba hotunan aikina a waya tana gyaɗa kai, sannan ta miƙo min kayata.

"'Yata, masu kwalliya kam sun yi min yawa," in ji ta. "Kujera ɗaya ta rage min, waccan ta bakin taga. Ki je ki ƙaro wani abu a hannunki kafin bukukuwan bayan Sallah. Kuma ni ba takarda nake son gani ba, aikin za ki kawo min a jikin mutum."

Na dubi kujerar. Baƙa ce mai juyawa, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Tun daga ranar ban da tunanin komai sai ita.

Kwas biyu na samu labarinsu, na ce zuwa da kai ya fi saƙo. Na fara da Tudun Jukun, gidan wata mata 'yar Barno mai koyar da gyaran jikin amare, su dilka da halawa da turare. Tun daga zaure hayaƙi ya tare ni. Na tarar da 'yan mata reras a tsugune gaban murhu suna juya sukari da lemun tsami, gumi na bin wuyansu, wasu na daka a turmi. Matar tana zaune a kan tabarma, ta kama hannuna ta jujjuya kamar mai tayin kaza, ta ce ya yi laushi da yawa. Na tambaye ta yaushe ake gamawa. Ta ce ranar da ta ce na iya. Na ce ina nufin wata nawa. Ta ce ita ba ta ƙirga wata, akwai wadda ta shekara ba ta taɓa jikin amarya ba. Na fito raina a ɓace, hijabina na warin hayaƙi. Ni da aka ba wa'adi, ina ni ina malamar da ba ta san wata ba? Ga kuma yawan 'yan matan da na gani. Na ce a raina nan da baɗi masu dilka ma za su cika gari kamar masu hoda.

Na biyun a Sabon Gari yake, a saman wani bene. Gyaran farce ake koyarwa, yadda ake kankare shi, a manna na roba da gam, a shafa launi a busar a ƙarƙashin wani ɗan inji mai shuɗiyar wuta. Akwai fanka, akwai kujeru, kowane tebur an maƙala masa hannun roba don gwaji. Mai wurin, wadda kowa ke kira Madam, ta faɗa min ranar farawa da ranar gamawa ba tare da na tambaya ba, kuma gamawar ta faɗo kafin azumi. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne, na zaga cikin birni a raina daga wannan ƙofa zuwa waccan, ban tuno mace ɗaya mai wannan sana'a ba.

Da na kawo maganar gida, aka ce shawara ɗaukar ɗaki, kowa ya kama gefensa ya ja. Yayata, wadda ke aure a Tudun Jukun, ta ce in koma wurin 'yar Barno in yi haƙuri da hayaƙi. Baba, malamin zaure ne, tambaya ɗaya ya yi, ko maza na shiga wurin, da na ce a'a ya mayar da kai kan littafinsa. Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Kin ce ba mai yi a birni. To ruwa dai ba ya tsami banza."

Wannan magana ta ba ni haushi, don na san inda ta dosa. 'Yar malam ce ni, ba sai an koya min cewa abin da ya hana ruwa taɓa farce ya hana alwala ba. Amma na yi lissafina. Kowace mace tana da kwanakin da take fashin sallah a wata, kuma ba rana ɗaya matan birni suke yi ba. Ko yaushe akwai masu hutu. In kaɗan daga cikinsu suka zo wurina, kujerar nan ba za ta huce ba. Na zayyana musu wannan da ƙarfin murya, har ina buga hannu a cinya. Yaya ta taɓe baki, Inna ta ci gaba da tsintarta. Har yau in aka zauna da ni zan sake zayyana shi, don a lissafi ba inda ya karkace.

Na shiga kwas. Ba yabon kai ba, hannun da ya saba zana lalle ba ya jin tsoron ɗan burushi. Kafin a je ko'ina Madam ta fara ɗaga hannun robata tana zagayawa da shi tana nuna wa sauran. Na iya zana fure a kan farcen ƙaramin yatsa, na iya jera duwatsu masu ƙyalli su tafi daidai. Kullum na sauka daga keke napep a bakin lungunmu jin kaina nake kamar ma'aikaciya.

Ana saura kaɗan a gama Madam ta tara mu ta ce jarrabawa ba a hannun roba ake yi ba. "Kowa zai kawo mutum nasa," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Yatsa goma, ina kallo." Abokan karatuna ko a jikinsu. Wannan ta ce ƙanwarta, waccan ta ce maƙwabciyarta ma roƙonta take. Ni ma ban damu ba. Gidanmu babban gida ne, mata ko ka jefa tsakuwa a kan mace za ta faɗa.

A nan na gane abin da lissafina bai ɗauko ba. Kafin in ari hannun mace, sai na tambaye ta yaushe take hutu. Kuma a gidanmu ba a wannan tambaya. Gida ne da mace za ta ɗauki buta lokacin sallah ta zaga bayi ta fito da ɗigon ruwa a fuska, alhali ba sallar za ta yi ba, don kawai kada yara da mazan gida su lura. Ni kaina na sha yi. Amma da yake ido na kan kujera, ban taɓa haɗa wannan da waccan ba.

Na fara da matar ƙanin Baba, na same ta a madafi na yi ƙasa da murya. Ta zaro ido ta ce, "Ke, ba ki da kunya? In sa wannan abu in miƙa wa surukina kwanon tuwo, in ce masa me? Ai gara in ɗauki lasifikar masallaci in sanar." Na je wurin 'yar gwaggona mai son gayu, wadda kullum take aiko min hotunan farata a waya. Ta ce wallahi tana so, amma tana koyarwa a Islamiyya, da wane hannun za ta riƙe alli? Wata ta ce mijinta ba zai ce komai ba, uwar mijin ce matsala. Wata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira ta kusa da ita ta ce zo ki ji abin da ake tambayata. Kafin kwana biyu an sa min suna mai binciken wata. In na ratso tsakar gida sai in ji ana cewa a ɓoye hannu ga ta nan. Ban taɓa jin takaici irin na waɗannan kwanaki ba. Su ne masu yaba hoton a waya, su ne masu cewa kai, wannan ya yi kyau, amma kowace hannunta na cikin zane.

Yaya ce ta tausaya min. Ta ƙirga a yatsunta ta ce ranar jarrabawar ta faɗo cikin kwanakinta, za ta zo, amma da sharaɗin za ta sa safar hannu a hanya kuma in cire mata kafin mijinta ya dawo. Na rungume ta. Ranar muka yi sammako muka hau bene, muka tarar ba wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Injin busarwa ba ya aiki da addu'a. Muka zauna har rana ta take, sannan Madam ta tafa hannu ta ce an ɗage sai mako na sama.

Na bi ta har ofis na ce ba zai yiwu ba, mako na sama yayata ta yi wanka ta koma sallah. Ta dube ni ba ta gane ba. Na yi bayani, ina jin kunyar bakina. Ta ce, "To ta yi sallah da shi mana. Kwana ɗaya ne, Allah zai gane." Ba da mugunta ta faɗa ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Na juya na fito. A keke na sauke fushina a kan Yaya, kamar ita ta kashe janareta, har mai keken ya waiwayo.

Ranar da aka sake sawa ta zo ban da kowa. Na tashi na yi shara ina buga tsintsiya da bango, na wanke kwanuka ina jefa su a kwando. Da hantsi na shiga ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Ina ji Inna ta ɗauki buta, ta daɗe tana alwala, fiye da yadda ta saba. Sai ga ta a kaina da babban hijabinta na unguwa.

"Tashi mu je," ta ce.

Na ce ina?

"Wurin jarrabawar taki. Na tambayi Malam jiya, na ce wata mata ce ta aiko. Ya ce in an yi alwala cikakkiya kafin a sa, ana sallah da ita muddin ba ta karye ba. To na yi. Ko koko ban sha ba. Ki yi sauri, ni ba yarinya ba ce, ban san iya inda zan riƙe ba."

Inna ta haura sittin. Ban taɓa ganin ko jan baki a bakinta ba. Na tsaya ina kallonta, ta ce in ba zan tashi ba ita za ta koma ta sha kokonta.

Da muka hau bene sai ido ya dawo kanmu. Sauran sun zo da 'yan mata masu dogayen yatsu, ni na zo da tsohuwa tana haki, tana riƙe da ƙarfen matakala. Madam ta ce sannu Mama, ta kawo mata ruwan leda mai sanyi. Inna ta yi godiya ta ajiye shi a gefe. Layi ne, kuma mu ne kusan ƙarshe. Ana zafi, fanka na juya iska mai ɗumi, ina kallon leɓenta yana bushewa, ruwan nan na gefenta yana zufa har ya huce.

Da aka zo kanmu ta ɗora hannayenta a kan tawul. Ban taɓa riƙe su na dube su haka ba. Faratan gajeru ne masu kauri, wanki da daka sun cinye gefensu, akwai sauran jan lalle a rabinsu. Sai da na kankare lallen nan duka kafin gam ya kama. Tana jin zafi, na sani, don yatsan kan ɗan motsa, amma idonta na kan bango tana motsa baki. Na zaɓi mafi gajarta a cikin na roba, na shafa launin ruwan hoda mara hayaniya, na zana ɗan farin fure a kan kowane. Madam ta ɗaga hannun Inna sama ta juya shi a haske, ta kira sauran ta ce su zo su ga aiki. A wurin ta ce na ci.

Azahar ta same mu a can. Inna ta shimfiɗa ɗankwali a lungun ɗakin ta yi sallarta, tana dafa ƙasa a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Da ta zo jan carbi faratan suka hana ta kama ƙwayar, ta yi ta fama, daga baya ta mayar da shi jaka.

Daga nan sai Ƙofar Doka, don Hajiya ta gani kafin a cire. A keke na ga kanta yana rinjaya, na taɓa ta na ce Inna kada ki yi barci. Ta ce ta sani, ba ni zan koya mata abin da ke karya alwala ba. Muka iso aka ce Hajiya ta fita gaisuwar rasuwa, yanzu za ta dawo. Yanzun nan ta Hausawa. Muka zauna a benci, shago cike da mata, wasu an naɗe musu ƙafa da lalle, wasu ana kitso. Inna ta dunƙule hannayenta cikin hijabi. Ni kuwa ina kallon kujerar bakin taga ina kallon ƙofa.

Sai da rana ta karkata Hajiya ta shigo. Suka gaisa da Inna, aka tambayi Malam, aka tambayi jikoki, aka yi wa mamaci addu'a, ni ina tsaye kamar in fashe. Da ƙyar aka zo kan magana. Inna ta fito da hannayen ta ɗora a gwiwa. Hajiya ta gyara tabarau ta sunkuya, ta kama yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Tubarkalla," ta ce. "Ke kika yi wannan? Kai, yarinyar nan da hannu."

Matan shagon suka miƙo wuya. A cikinsu akwai wata 'yar unguwarmu, mai baki kamar reza, ƙafafunta cikin leda. Ta leƙo ta ga faratan, ta dubi fuskar Inna, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Matar Malam, ashe har yanzu da saura?"

Shagon ya kwashe da dariya. Ba dariyar ƙeta ba ce, irin wadda mata ke yi ne in ba namiji a kusa. Amma Inna ba ta saba a yi da ita ba. Na ga ta janye hannayen a hankali ta mayar cikin hijabi, ta kafa ido a ƙasa. Na buɗe baki zan wanke matar nan tas, Inna ta taka min ƙafa.

Hajiya ta jira dariyar ta lafa, sannan ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya.

"Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin ji da kunnenki. Wannan fa tsohuwa ce, kowa ya san ta wuce wurin, ga abin da aka ce mata. Wace matar aure ce za ta zauna a bakin tagar nan, duk mai shigowa ta san halin da take ciki? In na ba ki kujerar, ni da ke za mu yini muna kallon titi. Mai gyaran jiki zan nema. In an samu amaryar da bikinta ya dace da kwanakinta, zan sa a kira ki."

Na ce mata a Kaduna ana yi, a Abuja ana yi. Ta ce ta sani, ita ma ta zauna a can, amma shagonta a Zariya yake. Na so in ce me ya sa ba ta faɗa min haka tun farko ba, sai na tuna cewa ta yi in ƙaro wani abu, ba ta ce wanne ba, ni kuma ban koma na tambaya ba don ina son in ba ta mamaki. Na yi godiyar da ba ta kai zuci ba, muka fito.

Muna fitowa ana kiran la'asar. Na ce Inna mu tsaya ta yi a nan shagon kafin mu tafi. Ta girgiza kai, ta matso kusa da kunnena.

"Alwalar ta tafi tun muna jiran Hajiya. Ban faɗa miki ba ne don kada ki ce mu tashi."

Ruwan cire farcen yana gida. Muka samu keke da ƙyar, muka kutsa cunkoson bakin ƙofa, muka ratsa zaure Baba na karantar da ɗalibansa, Inna ta wuce sumsum hannu a ɓoye. A bayan ɗakinta na zuba ruwan a ƙaramin kwano na tsoma yatsunta. Abin ba ya fita da gaggawa, sai ya jiƙa, kuma ni na manna shi da kyau don a yaba. Inna mace ce da ba ta bari a idar da kiran sallah ba ta kan tabarma. Tana zaune tana kallon inuwar katanga tana tsawo, tana cewa bai yi ba? Ina cewa saura kaɗan. Ina kankara, furannin da na zana suna narkewa suna bin yatsuna.

Da rana ta fara ja, haƙurinta ya ƙare. Ta zare hannu ta kai ɗan yatsa baki ta fizge na ƙarshen da haƙori. Ya taho da ɓawon nata farcen, wurin ya yi ja, jini ya taru a gefe. A nan kukan da nake dannewa tun Ƙofar Doka ya ƙwace min, na zauna dirshan a ƙasa da kwanon a hannu, ga kujera ta tafi, ga abin da na yi wa hannun uwata.

Inna ta tura min buta da ƙafa, ta tsuguna ta miƙo hannayen, faratan sun yi fari fat sun yi siriri kamar ɓawon albasa.

"Kukan ya isa haka," ta ce. "Zuba min ruwa, rana na faɗuwa."